Tsohuwar da Ba Ta Amsa Sallama Ba

Banikanni, Paraku
Lahadi, tsakiyar damina

Ummi 'yata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya. Allah Ya tsare ki a Kwatano daga sharrin hanya, da sharrin mutane, da sharrin abin da ido ba ya gani. Allah Ya sanya albarka a aikin da kika samu na zana hotunan littattafan yara, Ya haɗa ki da abokan aiki na kirki. Ki yi haƙuri da rubutun, na san ya karkace. Kafin ki kai ƙarshe za ki san dalili, amma kada ki tsallake ki leƙa, na san halinki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan inda kika bar shi. Amsa zan ba ki. Ranar da na raka ki tasha, kina ɗora jaka kika ce mini, "Baba, ka zana kawunan mutane a allunan duk masu askin Paraku, ka zana har akuyar maƙwabta, amma ni shekara ashirin da huɗu ko hancina ba ka taɓa zanawa ba." Da dariya kika faɗa, amma na ga idonki. Na tsaya ina gyaran hula har motar ta tashi. Kin san bakina, a waya ma gaisuwa kawai na iya, shi ya sa na ɗauki biro. Zan faɗa miki kurakuraina yadda suka zo, ki tsinci abin da zai amfane ki.

Na farko na dariya ne, gara mu fara da shi. Lokacin ina koyon aiki wurin maigidana Malam Sumanu, kuma ina neman auren mahaifiyarki, wani mai aski a unguwar Albarika ya kawo aikin allo: kawuna shida, kowane da irin askinsa da lambarsa. Na yi biyar, na rasa kan da zan sa wa tal-kwabo. Sai na tuna da kawunki Bukari, yayan mahaifiyarki, da kunnuwan nan nasa da suke gaisuwa tun kafin shi ya iso. Na zana shi tsaf a lamba huɗu. Allon bai yi mako a rataye ba duk Albarika ta gane shi. Mutum ya shiga ya zauna ya ce, "A yi mini Bukari." Masu zem, wato 'yan babur ɗin haya, suna wucewa suna kiran shi Lamba Huɗu. Saura kaɗan auren ya watse, sai da dattawa suka sa baki, kuma har yau in ya zo gidan nan ba ya cire hula.

A ranar Malam Sumanu ya zaunar da ni ya ba ni dokar aiki guda biyu. Ya ce fuskar allo ba ta kowa ba ce: ka ɗauki idon wannan, hancin wancan, haɓar wani, ka haɗa mutumin da babu shi, don kada kowa ya zo ya ce an sace shi. In kuwa mutum na gaske za ka zana, to ka yi masa sallama, ka jira ya amsa, sannan ka nemi izini. "Wanda bai amsa maka sallama ba," in ji shi, "ka rufe kayenka, wato littafin zanenka, ka wuce, ko da fuskarsa ta fi ta kowa kyau." Na ɗauka maganar ladabi ce kawai. Ummi, ki riƙe dokar nan da haƙori. Wannan tablet ɗin naki da kike goge kuskure da ɗan yatsa bai canja komai a cikinta ba.

Na biyu, gaggawa. Shekarar da na buɗe shagona na nan Banikanni na karɓi aikin alluna a tsakiyar damina, alhali duk mai fenti ya san itace ya sha sanyi, fenti ba ya kamawa. Zakin da na yi wa wani mai gyaran taya ya kwana biyu a waje, gemunsa ya zubo har ƙasa, ya koma abin tausayi. Daga nan na koyi cewa kowane lokaci da aikinsa. Rani na alluna ne da bango. Bazara, in mangwaro ya nuna kanju ya cika kasuwa, lokacin haɗa launi ne, don a nan ido yake ƙoshi da ja da ruwan ɗorawa. Damina kuwa ta takarda ce. A cikinta na fara aikin da babu wanda ya sa ni: kowace shekara ina zana hotunan kasuwanni goma sha biyu, wani mai injin buga takardu ya mayar mini da su kalanda, in raba wa masu shaguna. Shawarata, ki ajiye kaye guda wanda ba na maigida ba, ki riƙa zana abin da ranki yake so a ciki. In ba haka ba, wata rana za ki wayi gari hannunki ya iya komai amma ba ya sha'awar komai.

Kalandar nan ce ta kai ni ga kuskure na uku, wanda saboda shi nake wannan rubutu.

Shekara uku kafin a haife ki, da sabuwar doya ta fito, na hau mota na tafi garin Jugu ranar kasuwa. Ina son in zana tulin doyar nan da ƙasarta ja ba ta bushe ba, da matan da suke ciniki a kai. Na yi aiki tun hantsi, kowa na gaishe shi ya amsa, wasu har gyara ɗaurin kallabi suke yi. Da rana ta take tsaka na zagaya bayan masu doya, wajen wani ƙaton maɗaci, sai na gan ta. Tsohuwa ce zaune a ƙasa, da baƙin zane na rini da ya koɗe, ɗan kunne ɗaya tal a kunnen hagu, da faifai a cinyarta wanda babu komai a kai. Inuwar maɗacin taki ɗaya ce daga inda take, amma a rana ta zauna. Kasuwa ta cika har ana taka ƙafar juna, sai dai kowa ya zo daidai wurin sai ya ratse, ba tare da ya dube ta ba. Ƙuda ya dami kowa a wurin, ita ko ɗaya bai sauka a jikinta ba.

Ban taɓa ganin fuska irin tata ba. Na durƙusa na ce, "Salamu alaikum, Iya." Shiru. Na sake da yaren Dendi, na sake da Faransanci, ko motsi. Idonta a buɗe, tana kallon gefen kunnena, kamar akwai wani tsaye a bayana. Hayaniyar kasuwa ta yi nisa, irin yadda kake ji in ruwa ya shiga kunne. Na tuna da maganar Malam Sumanu sarai, ba zan yi ƙaryar mantuwa ba. Na ce a raina kurma ce, tsohuwa ce, me zai dame ta. Na buɗe kaye na zana ta, kuma ban taɓa yin zane mai kyau da sauri haka ba. Da na ɗago in yi godiya, tana nan yadda take. Na saka takardata a jaka na tafi ina jin daɗi.

A shekarar na so in girmama maigidana, sai na zana shi a hoton watan ƙarshe, yana zaune a ƙofar shagonsa yana wanke buroshi. Na kai masa ya gani kafin a buga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a bayan kafaɗarsa ta cikin hoton ya ce, "Wannan fa?" Na duba. Tana nan tsaye a bakin ƙofa, da faifanta, da ɗan kunnenta ɗaya. Layukan nawa ne, tawadar tawa ce, amma wallahi ban san lokacin da hannuna ya yi ta ba. Na ce ƙofar ce ta yi fili da yawa, wataƙila na cika ta ne. Ya ce, "A ina ka samo ta?" Na ce Jugu. Ya ce, "Ka yi mata sallama?" Na ce na yi. Ya ce, "Ta amsa?" Na sunkuyar da kai. Ya miƙo mini takardar ya ce, "Bon. Ka mayar mata da abinta. Kafin nan kuma, kada ka ƙara zana wanda kake so."

Malam Sumanu bai ga kakar shekarar ba, ya rasu. Na ce tsoho ne, dama yana fama da ƙirji, kuma haka ne. Takardar kuwa ban mayar ba. Tsoron komawa yana ciki, amma gaskiyar magana, rowa ce ta fi yawa: zanen ya yi kyau, na kasa rabuwa da shi. Na jefa shi ƙasan akwati na rufe. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho. Ummi, in babba a sana'a ya ce miki mayar, ki mayar a ranar, kada ki tsaya auna kyan abin.

Kina shekara biyu mahaifiyarki ta matsa mini in zana ta. Ta ce, "Malam, an ce mijina mai zane ne, amma ni ban gani a ƙasa ba. Ko sai na yi kunnuwan Yaya Bukari?" Na yi ta kauce-kauce har ta fara fushi na gaske. Sai na yi dabara irin ta wawa mai ganin kansa da wayo. Na zaunar da ita ta jingina da bangon tsakar gida, na cika takardar da ita, babu ƙofa, babu taga, babu wurin da mutum zai tsaya. Ta gani ta yi murna, ta ce na rage mata shekaru. Washegari da hantsi na ɗauko in sa launi. Na gama zanen jikinta, na gama kallabi, na shafa bango. Da na ja baya in duba, sai ga inuwa a jikin bangon, gefen kafaɗarta, inuwar mace riƙe da faifai. Buroshin yana hannuna, launin toka bai bushe a bakinsa ba.

Na rufe inuwar da farin fenti, ban gaya mata komai ba. Kafin damina ta fita zazzaɓi ya kama ta, kwana shida. Ajali ne, Ummi. Na sani, na yi imani, babu mai kashewa sai Allah, kuma na tambayi malamai sun faɗa mini haka. Amma ni ne na riƙe buroshin, kuma shekara ashirin da biyu ban daina jin nauyinsa ba. Har yau ina kewar matar nan, in na ji ana daka a maƙwabta sai in ɗaga kai.

Kuskure na huɗu shi ne shirun da na yi, kuma ke ya fi cuta. Tun daga ranar ban sake zana mutum na gaske ba, sai fuskokin haɗi da dabbobi da doya. Tsohuwar ba ta daina zuwa ba. In na yi hoton taro sai in same ta a can baya, tsakanin mutanen da babu su, inda ba ta da wanda za ta tsaya wa. Kowane aiki kafin ya bar shago sai na bi shi lungu-lungu na shafe ta. Kin tuna kina yi mini tsiya cewa na fi kowa cin farin fenti a Paraku? To dalilin ke nan. Kin tuna kina aji uku, kika yi kwalliyar Salla kika zo kika zauna a kan bencin shago kika ce kin shirya? Na ce miki ina da aiki. Kika zauna har la'asar, sannan kika tafi gida ba ki yi kuka a gabana ba. Na bar ki kika girma kina zaton fuskarki ce ba ta ishe ni kallo ba, alhali babu fuskar da na haddace kamarta. Na zaɓi ki ji haushina da in gan ki a takarda da wani abu a bayanki. Da na yi miki bayani tun kina da wayo, da kin ɗauki tsoron tare da ni, da bai zama ƙaiƙayi a zuciyarki ba. In kin yi iyali, kada ki kare su da shiru, ki gaya musu abin da kike tsoro ko da za su yi miki dariya.

Yanzu ki tuna jajibirin tafiyarki, da yamma, da kika kawo mini kyautar sallama. Kin zana ni a tablet, kin buga a takarda mai kauri: ina zaune a teburina, tabarau a goshi, gwangwanayen fenti ko'ina. Kin fi ni hannu, na faɗa ba kunya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai idona ya kai bakin ƙofa. Na ce, "Wace ce wannan?" Kika leƙo kika ce, "Ba kowa ba ce, Baba. Ƙofar ce ta yi fili da yawa, na cika ta." Maganar da na faɗa wa Malam Sumanu, kalma da kalma. Baƙin zane, faifai babu komai, ɗan kunne ɗaya. Ba ki taɓa zuwa bayan masu doya a Jugu ba, akwatin kuma makullinsa yana wuyana. Kika ga na kafe ƙofar da ido kika ɗauka hoton ne bai yi mini ba. A kan haka kika ƙara da cewa masu littafin sun ce kowane mai zane ya zana fuskarsa da kansa, za a sa a bangon baya, kuma za ki yi naki da zarar kin zauna. Ni in ta tsaya a bayana ban damu ba, na ci zamanina. Amma ta bi hannuna ta shiga naki, kuma kina shirin zana kanki.

Ranar kasuwar Jugu ta farko bayan tafiyarki na buɗe akwati na ɗauko takardar. Ta yi ja don tsufa, zanen kuwa kamar jiya aka yi. Na hau motar safe. Sabuwar doya ta fito, ƙasarta ja, kamar wancan karon. An sare maɗacin, an yi rumfunan masu sayar da waya a wurin, ko'ina kaya har kan hanya. Amma akwai ɗan fili, kamar faɗin tabarma, da babu wanda ya shimfiɗa komai a kai, mutane suna ratse shi. Na tsaya a gefe har rana ta take tsaka. Ban ga zuwanta ba. Na dai share gumi na buɗe ido, sai ga ta zaune, ba ta ƙara tsufa ko na kwana ɗaya ba, ni kuwa gemuna ya yi fari.

Na tuɓe takalma na durƙusa. Na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. A ta uku na ce, "Salamu alaikum, Iya. Na kawo miki abinki." Sai idonta ya baro gefen kunnena ya sauka a kaina. Ta ce, "Wa alaikumus salam, mai zane. Ka daɗe." Muryarta irin ta kowace tsohuwa ce, wannan ya fi komai ba ni tsoro. Na ɗora takardar a kan faifan na ce na ɗauka ban tambaya ba, ta yafe mini. Ta ce, "Da wane hannu ka ɗauka?" Na miƙa na dama. Ta ɗora yatsu biyu a bayansa, sanyinsu kamar randa. Na ce, "Iya, yarinyar fa?" Ta ce, "Yarinya ba ta ɗauki komai nawa ba. Hannunka ne ya bi ta. Tashi ka tafi, rana tana dukanka." Na tashi na sa takalma, ban waiwaya ba.

A mota, mun yi kamar rabin hanya, na zo karɓar ruwa sai ledar ta faɗi. Na sake ɗauka ta sake faɗi. Kafin mu shigo Paraku hannun ya zama kamar ba nawa ba. Kawunki Bukari ne ya kai ni asibiti, da hularsa. Likita ya auna ni ya ce, "Tansiyo ce, Baba, hawan jini, ta taɓa hannun. Ka gode Allah da ta tsaya a nan." Ban yi masa musu ba, ina shan maganinsa safe da yamma. Kada ki tayar da hankalinki, kada kuma ki hau mota ki baro aikinki, in kin yi haka ni da ke ne. Ina ci, ina salla, ina tafiya da ƙafata, bakina ma bai fasa faɗa ba. Hannun dama ne dai ya ajiye aiki, buroshi ba ya tsayawa a cikinsa. Shekara talatin da wani abu yana ciyar da mu, ban ce ban yi kuka ba.

Da na dawo gida na ɗauko hoton da kika ba ni. Bakin ƙofar babu kowa, sai hasken rana. Ki buɗe naki na cikin tablet ki duba. In kin ga babu, ki yi hamdala ki ci gaba da aikinki. In kin gan ta, kada ki goge, kada ki zana kanki, ki kira ni a take.

Ban yarda da idona haka kawai ba. Na kafa madubin aski a kan tebur, na kama fensir da hagu kamar ɗan aji ɗaya, na yi ta zana kaina, kullum ɗaya, kwana goma. Na bar ƙofa a buɗe a bayana a kowane hoto, fili mai yawa, da gangan. Hotunan sun yi muni, na fito kamar ƙanin Bukari, amma ƙofar ta zauna babu kowa har na goma.

Saura abu ɗaya. A cikin ambulan nan akwai wata takarda a ninke, na ba direban da zai kawo miki saƙon amana kada ta jiƙe. Ke ce. Na san doka, ni na koya miki ita: sai an yi sallama, an amsa, an ba da izini. Izinin kin ba ni tun kina aji uku, kin zauna a bencina har la'asar kina jira, ni ne na makara. Da kwalliyar Sallar nan na zana ki, kallabin ya fi kanki girma. Hancin ya karkace, ido ɗaya ya fi ɗaya, kada ki nuna wa abokan aikinki su ce wannan ne uban naki mai zane. Kwana huɗu na yi a kansa. Na bar fili a bayanki, na duba shi da safe, na duba da rana tsaka, na kai shi bakin ƙofa na duba a haske. Babu kowa a bayanki, Ummi, sai bangon shagonmu.

Ki yafe mini shekarun da kika jira. Ki riƙe salla, ki gaida mutane, ki jira su amsa. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare damanki da hagunki, Ya sa hannunki ya zama na alheri, Ya dawo mini da ke lafiya in doya ta sake fitowa.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
Idirisu mai zane, da hannun hagu.